Kafin mu nemi alfarma, mu rubuta koke

A Zariya idan abu ya ci tura, tambayar da ake fara yi ita ce, "Wa ka sani a can?" Masu gadin wata ma'aikata sun yi wata huɗu babu albashi, sai a shiga cigiyar wanda ya san ɗan kwangilar. Mai naƙuda ta je ƙaramin asibitin unguwa da tsakar dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa, washegari sai a ce bari a gaya wa Alhaji wane, shi ne mai lambar ciyaman. Wani lokaci akan dace. Alhajin ya buga waya, a biya mutum biyu cikin masu gadin, ko a turo unguwarzoma ta kwana na sati guda. Daga nan komai ya koma gidan jiya, ga kuma bashin godiya an ɗauka a kan abin da tun farko haƙƙi ne. A ganina wannan al'ada ta neman alfarma ta cuce mu fiye da yadda muke zato, domin ita ta sa muka yi watsi da hanyar da ta fi ta ƙarfi kuma ta fi ta arha: rubutacciyar takardar koke, wadda jama'a suka sa wa hannu, aka kai ta ofishin da ya dace, aka karɓo shaidar an kai.

Abin da ya fi ciwo shi ne a Zariya ake wannan. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin Hajiya Gambo Sawaba wadda ta sha ɗauri saboda faɗa wa hukuma gaskiya, garin da tsangayar koyon aikin lauya take a Kongo. Babu unguwar da za ka shiga, daga Samaru zuwa Kwarbai, ka rasa malamin makaranta ko tsohon akawu da zai iya tsara takarda shafi guda. Masu rubutu muna da su, tsarin bin koke har ƙarshe ne ya yi mana ƙaranci.

Kuskuren farko, kuma shi ya fi kashe koke, shi ne kai shi inda ba hurumi. Zariya gari ne da gwamnatoci uku suke zaune a cakuɗe. Asibitin Koyarwa na Shika na gwamnatin tarayya ne. Babban asibitin Gambo Sawaba na jiha ne. Ƙananan asibitocin mazaɓu suna ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Kaduna, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Shi kansa garin ƙananan hukumomi biyu ne, Zariya mai mazaɓu 13 da Sabon Gari mai 11, don haka mutumin Hanwa ko Muchia da ya kai takardarsa sakatariyar Zariya ya ɓata kuɗin mota. Haka batun ƙwadago: tsarin mulki ya sa shi a hannun tarayya, saboda haka ma'aikacin kamfani mai zaman kansa da aka danne wa albashi, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna ne wurin zuwansa. Jami'in da aka kai wa abin da ba nasa ba, ba lallai ne ya ce maka ka yi ɓatan kai ba. Zai karɓa da fara'a, ya ce za a duba, takardar ta kwanta a fayil. Tambaya ɗaya ce ke warware wannan tun kafin a ɗauki biro: wane ne yake da ikon sa hannu a biya wannan kuɗi, ko a turo wannan ma'aikaci? Shi ake rubuta wa, sauran a ba su kwafi.

Sai abin da ke cikin takardar. Yawancin koke-koken da jama'a ke rubutawa sun fi kama da jawabin taro. A fara da yabon mai girma shafi guda, sannan a jero ruwa, wuta, hanya, makaranta, maƙabarta, asibiti, a rufe da addu'a. Irin wannan babu teburin da zai ɗauke ta a matsayin tasa, domin ta shafi kowa. Takarda ɗaya, matsala ɗaya. Idan matsalolin uku ne, a rubuta uku. A faɗi su wane ne masu koken, me ya faru, a ina, a waɗanne ranaku, mutum nawa abin ya shafa, me aka riga aka yi a kai, sannan me ake so a yi da kuma wa'adi. Kwatanta "muna roƙon a duba halin da asibitinmu ke ciki" da "muna neman a sa ma'aikaciyar karɓar haihuwa a aikin dare, a liƙa jadawalin masu aiki a bango, a kuma ba mu amsa a rubuce cikin kwana 14." Ta farko ana iya amsa ta da "Allah ya kyauta". Ta biyu dole a ce e ko a'a.

Tun da aikin ofis da Turanci ake yinsa, ya fi kyau a rubuta da harsuna biyu, a haɗa su wuri guda. Ta Hausar ita za a karanta wa mutane da babbar murya kafin kowa ya sa hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa idan aka kira masu koke ofis, sai a ware tsoho ɗaya a tambaye shi ko ya san abin da ya dangwala wa yatsa. Ya ce shi dai an ce masa takardar neman magani ce, shi ke nan an samu ƙofar cewa wasu 'yan tsiraru ne suka yaudari jama'a.

Takardar sa hannu ita ma tana da ƙa'ida. Kowane shafi a rubuta taken koken a samansa, don kada a ce an ɗauko sunayen daga rajistar wani taro. Layi biyar ya isa: cikakken suna, unguwa ko layi, lambar waya, sa hannu ko dangwale, kwanan wata. Kada mutum ɗaya ya zauna ya cike wa mutum talatin da biro ɗaya da rubutu ɗaya, ko da da izininsu ne. Mutum sittin na gaskiya waɗanda idan an buga musu waya za su ce "e, ni ne", sun fi dubu biyu na jabu. Mun ga haka a babban mataki. Tsarin mulki ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, amma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 a wurin tantance sa hannu ya rushe, da mutanen da aka ce sun sa hannun ba su fito ba.

Ranar kai takarda ita ce ranar da ake cin nasara ko a faɗi, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Kada a ba direban shugaba, kada a miƙa wa shugaban a wurin ɗaurin aure, kada a bar wa maigadi. A je ofishin karɓar wasiƙu, wanda ma'aikata ke kira rajistiri, da kwafi biyu. Akawun zai buɗe babban littafinsa ya shigar da ita, ya ɗauko hatimi ya buga a kan taku, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. A tsaya a ga an yi haka, a duba kwanan watan ya fito sosai, domin tawadar hatimin ofis takan bushe. Idan ya ce hatimin yana wurin oga, a ce za a jira, ko ya rubuta "an karɓa" da sunansa da hannunsa. Idan an ƙi karɓa baki ɗaya, a aika ta kamfanin kai saƙo ko gidan waya da rajista, a ajiye rasit. Wannan kwafi mai hatimi shi ne duk jarin masu koke. Da shi ake ƙirga wa'adi, da shi ake hawa mataki na gaba, kuma shi ne ke hana a ce "ai ba mu taɓa jin labari ba". A ɗauki hotonsa a waya uku, a ajiye na asali wurin wanda ba ya cikin masu rigima.

Batun ma'aikata ya cancanci a tsaya a kansa, domin su ne suka fi kowa asara idan koke ya karkace. Manyan ma'aikatun garin nan da yawa sun daina ɗaukar masu shara da masu gadi kai tsaye, sai dai ta hannun ɗan kwangila. Idan albashi ya tsaya, ɗaya ne cikin biyu: ko ma'aikatar ba ta saki kuɗi ba, ko ta saki ɗan kwangila ya riƙe. Kowannensu zai nuna ɗan'uwansa da yatsa. Maganin wannan shi ne a rubuta wa dukansu rana ɗaya, kowa ya ga an ba ɗayan kwafi, a kuma tambayi ma'aikatar a rubuce wane wata ne na ƙarshe da ta biya kwangilar. A haɗa da jadawalin bashi: suna, ranar fara aiki, albashin wata, watannin da ake bi, jimla. A ce mutum 18 ne, kowa naira 35,000, wata 4, to a rubuta naira 2,520,000 ɓaro-ɓaro. Adadi yana sa jami'i ya gyara zama, abin da "mun daɗe ba a biya mu ba" ba ya yi. Shaida kuwa ita ce saƙonnin banki na watannin baya, katin shaidar aiki, da hoton rajistar zuwa aiki. Waɗanda ake biya a hannu su sayi littafi na naira ɗari biyu su riƙa rubuta abin da suka karɓa da ranar, tun kafin rigima ta taso.

Sannan a san abin da doka ta ce da abin da ba ta ce ba, don kada a ba wanda ya ɗauki ma'aikatan amsa cikin sauƙi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho da na wucin gadi irin na damina. Gidajen burodi da masana'antun ruwan leda da ƙananan makarantun kuɗi da yawa a nan suke fakewa. Ni ina ganin wannan giɓi zalunci ne da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su kai wa Majalisar Tarayya koke a kansa, amma kafin a gyara, wanda ya kafa hujja da dokar a inda ba ta hau ba ya raunana sauran maganarsa. Abin da ya hau ko'ina shi ne albashin da aka yi alkawari a biya shi. Dokar Ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ta kuma tsara sanarwar sallama: sati ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan doka leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ta fi shafa. Ƙwararru da manyan jami'ai takardar ɗaukar aikinsu ce madogararsu, kuma kowa yana da damar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna.

Abubuwa biyu ma'aikata ke yawan asararsu saboda rashin sanin lokaci. Na ɗaya fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki ya sa kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, kuma akwai tarar aƙalla kashi 2 duk wata a kan abin da aka riƙe. Mutum zai ga ana cirewa a takardar albashinsa shekara biyar, bai taɓa neman bayanin asusunsa daga kamfanin fanshon ba, sai ranar barin aiki ya tarar da wayam. A nemi bayanin nan duk wata uku, in an ga giɓi a haɗa takardun biyu a rubuta wa PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Na biyu rauni a bakin aiki. Wanda injin casar shinkafa ya datse wa yatsa, dokar biyan diyya ta 2010 ta ba shi kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, da shekara ɗaya ya shigar da buƙatarsa a NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. Yawanci sai a lallashe shi da kuɗin magani da "za mu san abin yi" har wa'adin ya wuce.

Na san abin da za a ce: wanda ya sa hannu shi za a fara kora. Gaskiya ne, kuma duk mai tura talaka gaba ba tare da ya faɗa masa wannan ba bai yi masa adalci ba. Shi ya sa koken ma'aikata ba a yin sa da mutum uku. Ko dai kusan kowa ya sa hannu, ko a bi ta ƙungiya. A jera sunayen bisa tsarin haruffa don kada a gane wanda ya fara, a kuma ba ofishin ƙwadago kwafi tun ranar farko, ta yadda duk korar da ta biyo baya za ta bayyana a matsayin ramuwa. Ma'aikacin gwamnati kuwa dokokin aiki sun tsara masa bin ta hannun shugabansa, tsallake wannan yakan mayar da mai ƙara wanda ake tuhuma.

A ɓangaren lafiya, abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne akwai kuɗin da doka ta ware wa ƙananan asibitoci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma wani ɓangarensa yana shiga asusun bankin asibitocin mazaɓu da aka zaɓa kai tsaye, don magani da gyare-gyare. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta, wanda ake sa ran yana sa ido tare da incaj ɗin asibitin. Saboda haka kafin a rubuta wa Kaduna, a fara zama da wannan kwamiti a tambaye shi nawa ya shigo, me aka saya. Sannan a yi sati biyu ana lura, mutum biyu a kullum: ƙarfe nawa aka buɗe, wa ke aiki, wane magani aka ce babu, nawa aka karɓa, an ba da rasit ko ba a ba ba. Abin da aka tara a sati biyun nan ya fi duk wani zafin rai tasiri.

A nan ina roƙon a yi wa ma'aikatan lafiya adalci. Sau da yawa dalilin da ya sa unguwarzoma ba ta kwana a asibiti shi ne babu maigadi, babu wuta, babu ruwa, ko ita kaɗai ce a wurin da ya kamata a ce su huɗu ne. Koken da ya kama sunanta zai sa a yi mata canjin wurin aiki, a turo wata ta tarar da duhun nan. Koken da ya nemi maigadi da fitilar sola da ƙarin ma'aikata, ita ma za ta so shi, har ta nuna muku inda gizo ke saƙa. Inda kuwa laifin na mutum ne, doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Wata doka ta 2017 ta wajabta duba wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ƙorafi a kan sakacin likita kuwa hukumar da ke ba likitoci lasisi ake kai wa, kuma da takardar rantsuwa daga kotu take karɓarsa, don haka kati da rasit da sakamakon gwaji kada a yar da ko ɗaya.

Game da ayyukan gwamnati, shawarata ita ce a yi tambaya kafin zargi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da faɗin dalili ba. Hukumar tana da kwana 7, tana iya ƙara wasu 7, in ta hana ana da kwana 30 a je kotu. An daɗe jihohi suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, sai Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Idan an fara ginin aji ko asibiti an watsar, a tambayi sunan kamfanin, kuɗin kwangilar, abin da aka biya, da ranar da aka ce za a gama. Kalmar "ɓarawo" kada ta shiga takarda ko Facebook. Ana kama mutane da dokar laifukan intanet da ta ɓata suna, kuma ba hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC bayanin da ka san ƙarya ne laifi ne. A rubuta abin da ido ya gani: an yi harsashi, babu rufi, tun wata kaza ba a ga ma'aikaci ba.

Idan wa'adi ya cika shiru, a aika tunatarwa da kwafin ta farko a maƙale. In an sake yin shiru, sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna, kuma ba ta karɓar ko sisi. Sai dai tana da iyakoki: ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 da faruwa, tana son ganin an fara bin hanyar cikin gida, kuma shawara take bayarwa. Wancan kwafi mai hatimi shi ne amsar sharaɗi na uku. Majalisar Dokokin Jiha ma tsarin mulki ya ba ta ikon bincike da kiran jami'ai, amma ta hannun ɗan majalisa koke ke shiga zaure. Abin da kuma yake buƙatar sabon kuɗi, kamar gini ko ɗaukar ma'aikata, ya kamata ya isa tun tsakiyar shekara lokacin da ake tsara kasafi. Wanda ya kai a watan Fabrairu amsarsa a shirye take: babu a kasafin bana.

Rediyo da Facebook suna da amfani, amma bayan takarda. Wanda ya shiga shirin kiran waya ya ce mun kai koke ranar kaza, an buga mana hatimi, yau kwana 30 babu amsa, ya fi mai kururuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai unguwa da hakimi a sanar da su, a ba su kwafi cikin girmamawa, amma kada a damƙa musu aikin gaba ɗaya, domin su ma suna da iyakar abin da za su iya faɗa wa gwamnati. Ɗan takarar da ya zo da tayin ɗaukar nauyin fotokwafi da mota, a gode masa a ƙi karɓa. Da zarar an ga hannunsa, koken ya zama na jam'iyya. Karo-karon naira ɗari biyu-biyu ya isa takarda da kuɗin motar Kaduna. A zaɓi mutum uku masu bibiya, aƙalla mace ɗaya a cikinsu idan batun asibiti ne, a ba su littafi guda su riƙa rubuta ranar da suka je, wanda suka gani, abin da ya ce, da lambar fayil ɗin da aka sa takardar a ciki. Duk Juma'a ta biyu bayan la'asar su karanta wa waɗanda suka sa hannu abin da ke cikin littafin, ko da abin da ke ciki "an ce mu dawo" ne kawai.